Maigidana yana faɗa da harajin lemo, ni kuma kuɗin maganinsa ya cinye adashina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekararmu 17 da aure, yaranmu biyar. Maigidana yana da shagon kayan masarufi a bakin titin unguwarmu, kuma abin da ya fi kawo masa ciniki shi ne lemo mai sanyi, na kwalba da na roba. Bara aka gano yana da ciwon suga da hawan jini, bayan ya daɗe yana fama da yawan fitsari da ƙishirwa da rama. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya kuma hana shi lemo da shayi mai sukari, amma har yau ba ya wuni bai sha roba biyu ba, idan ana zafi ma har uku, domin firjin yana bayan kujerarsa. Kuɗin magani da na gwaji sun ninka, har wata biyu da suka wuce da kuɗin adashina na saya masa, alhali na kuɗin makarantar babbar 'yarmu ne. Idan kuɗi ya yanke sai ya riƙa raba ƙwayar biyu, ko ya tsallake kwana ɗaya. Da na rage magi da mai a miya ya ce na mayar da shi ɗan kurkuku, ya koma cin abinci a waje. Hajiyarsa kuma tana aiko masa da jiƙo a jarka, tana cewa maganin asibiti cin kuɗi ne kawai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne rigimar da ta tashi ranar sunan ƙanwata. Yayana, wanda ma'aikacin lafiya ne, ya faɗa a gaban mutane cewa ya kamata gwamnati ta ninka harajin lemo sau goma ko da shaguna za su rufe, domin masu sayar da shi cuta suke sayarwa. Maigidana ya ce ai harajin ne ya kashe masa kasuwa, gwamnati karɓa kawai ta iya, ko ƙwayar magani ɗaya ba ta taɓa ba shi ba. Tun ranar ba sa gaisawa, kuma ya ce ni na kai ƙararsa wurin yayana. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Kuma yaya zan ceto lafiyarsa ba tare da na rasa aurena ko na karya sana'ar da muke ci da ita ba?

Uwargida, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi, wadda na tabbata mafi yawanta babu wanda ya gani balle ya gode. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ba rigimar ranar suna ba ce, maganar raba ƙwaya da tsallake kwana ce, wadda kika saka a tsakiya kamar ƙaramin abu. Zan dawo kanta. Amma tunda maganar haraji ce ta toshe ƙofar magana a gidanki, bari mu fara kawar da ita daga hanya.

Harajin da suke jayayya a kansa ya shigo ne ta Dokar Kuɗi ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen watan Disamban shekarar, Hukumar Kwastam kuma ta fara karɓarsa daga kamfanonin da ke yin lemo a tsakiyar 2022. An ɗora shi a kan naira 10 a kowace lita ta abin sha mai zaƙi. Ki lissafa da kanki: robar rabin lita naira 5 ke nan, ƙunshi mai roba 12 kuma naira 60. To, ki roƙi maigidanki wata rana, cikin raha, ya tuna nawa yake sarin ƙunshi ɗaya a kasuwar Singa kafin zuwan harajin da kuma nawa yake sarinsa yanzu, zai ga bambancin ya wuce naira 60 nesa ba kusa ba. Abin da ya ɗaga farashin shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira da aka yi a watan Yunin shekarar, wanda ya kai dala daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan ɗanyen sukarin da ake tacewa a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi, galibi daga Brazil, motar da ke kawo kayan tana shan man dizal, firjin shagonsa kuma yana cin kuɗin wuta da na janareta. Masu sayen ma aljihunsu ya bushe, mutumin da ke tunanin kwanon masara ba zai tsaya sayen lemo ba. Saboda haka a wannan gaɓar maigidanki ya kama wanda ba shi ne ɓarawon ba.

Sai dai rabi na biyu na maganarsa yana da nauyi, kuma ina so ki faɗa masa haka da bakinki. Dokar ba ta ware kuɗin wannan haraji domin asibiti ko maganin masu ciwon suga ba, cikin asusun gwamnati na bai-ɗaya yake shiga kamar sauran kuɗaɗen shiga. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marar lafiya da iyalansa yake fitowa kai tsaye, wato daga irin adashinki. A nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma kason lafiya a kasafin gwamnatin tarayya ya daɗe yana yawo a kusa da kashi 5. Faɗuwar nairar da ta ɗaga farashin lemo ita ce ta ɗaga na magani, tunda yawancin magunguna ko sinadaran haɗa su da dala ake sayo su, ga shi kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa ya daina gudanar da harkarsa kai tsaye a ƙasar. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin ɗage haraji daga kayan aiki da sinadaran da masana'antun magani ke shigowa da su har tsawon shekara biyu, amma irin wannan mataki yana ɗaukar lokaci kafin mai tsaye a gaban kantin magani ya ji sauƙinsa a aljihu. Mutumin da yake biyan haraji ta ko'ina, sannan ya je asibiti a ce ya sayi kati, ya sayi magani, ya biya gwaji, ba mahaukaci ba ne idan ya yi fushi.

Shi kuma yayanki, a ɓangaren ilimi ba shaci-faɗi ya yi ba. Ƙasar Meziko ta ɗora harajin peso ɗaya, wato kuɗin ƙasar, a kowace lita a farkon 2014, bincike ya nuna sayen irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari a shekarar farko, kuma raguwar ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya da Afirka ta Kudu sun fara nasu a watan Afrilun 2018, suka ɗaura shi a kan yawan sukarin da ke cikin abin shan, lamarin da ya sa kamfanoni da yawa suka rage sukari a kayansu domin kauce wa biya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari kafin mutane su rage sha yadda za a gani, naira 5 a kan robar da ake sayarwa ɗaruruwan naira kuwa ko kusa ba ta kai ba. Ni a nawa ra'ayin, da za a ƙara harajin a kuma rubuta a doka cewa kuɗin na maganin suga da hawan jini ne a asibitocin unguwanni, da na goyi baya. Amma yayanki ya yi kuskure babba a wurin da ya zaɓa da kalmar da ya zaɓa. Ba a tsayawa a taron suna, gaban surukai da maƙwabta, a ce wa mutumin da ke ciyar da 'ya'ya biyar da halaliyarsa cuta yake sayarwa, musamman mutumin da ciwon yake jikinsa. Kuma daga shi har maigidanki babu wanda ke yanke haraji, aikin Majalisar Tarayya ne, don haka sun ɓata zumunci a kan abin da ba ya hannun ko ɗayansu.

Harajin da ya kamata ya dame ku shi ne wanda maigidanki ya ɗora wa kansa, yake kuma biya kullum ba tare da ya lura ba. Mu ɗauka robar lemo naira 400 ce a shagonsa. Biyu a rana naira 800, a wata naira 24,000, idan an shiga zafin Afrilu ya koma uku kuma lissafin ya ƙaru. Shi gani yake kyauta yake sha domin hannu kawai yake miƙawa baya ya buɗe firji, alhali daga jarin shagon yake ci. Ki ajiye wannan adadi kusa da abin da kuke kashewa kan maganin wata guda, ina kyautata zaton za ki ga lemon da yake sha zai biya kaso mai tsoka na maganin, wataƙila ma duka. Wato yana cire kuɗi daga jari ya sayi abin da ke tayar da ciwon, ke kuma ki cire daga kuɗin makarantar 'yarku ki sayi abin da zai kwantar da shi.

Akwai abin da nake so ki gwada, domin ido ya fi kunne saurin gaskatawa. A robar rabin lita ta lemon da aka saba sha akwai sukarin da ya haura giram 50, kusan cokalin shayi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai cikakkiyar lafiya kada sukarin da yake ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a wuni, kuma ya fi alheri ya tsaya a 25. Wani dare bayan yara sun kwanta, ki ɗauko kofin gilashi da gwangwanin sukari, ki riƙa zubawa cokali-cokali kina ƙirgawa a gabansa har 13, sannan ki sake wasu 13 ɗin. Kada ki yi wa'azi a kai, ki ce masa kawai, “Abban yara, wannan ne roba biyun nan.” Babu magidancin da zai yarda ya ɗebi sukari rabin kofi ya watsa a baki, amma idan an narkar da shi an sanyaya, sai ya wuce maƙogwaro ba a ji ba.

Kafin wannan daren, ki fara wanke kanki daga zargin kai ƙara, domin muddin yana ganin kin haɗa kai da danginki a kansa, duk abin da ya fito daga bakinki faɗa zai zama. Idan kin taɓa yi wa yayanki maganar ciwon, ko da neman shawara ne, ki amsa, ki ce tsoro ne ya sa ki, ki ba shi haƙuri a kan abin da ya biyo baya. Idan ba ki yi ba, ki faɗa sau ɗaya a natse ki bar maganar. Ki kuma gaya masa a fili cewa ba ki ji daɗin abin da yayanki ya yi ba. Ki duba lamarin ta inda yake tsaye: namiji ne da ya saba shi ke ɗaukar nauyin kowa, yau an wayi gari matarsa ce ke saya masa magani, likita yana yanka masa doka, surukinsa yana kushe sana'arsa a bainar jama'a, kuma an ce abin da yake samun abinci da shi ne ke cutar da shi. Yawancin taurin kan da kike gani tsoro ne da kunya suka haɗu, kuma zagin gwamnati ya fi masa sauƙi a kan ya zauna ya tuna cewa ciwon nan na zama ne.

Yanzu maganar ƙwayoyin. Ciwon suga da hawan jini ba sa yin ihu, mutum zai iya jin garau alhali suna cin jijiyoyin idonsa da ƙodarsa da ƙafafunsa a hankali. Raba ƙwaya da tsallake kwana ba tattali ba ne, bashi ne da ake biya da shanyewar ɓarin jiki, ko gyambon ƙafa da ba ya warkewa, ko wankin ƙoda da ake yi sau biyu ko uku a kowane mako, wanda ya sha cinye gidaje da gonakin mutanen da suka fi ku ƙarfi. Ki raka shi ganin likita na gaba, ku faɗa masa gaskiya ba kunya cewa kuɗin maganin ya fi ƙarfinku kuma ana tsallake kwana, domin likitan da bai san haka ba zai ɗauka maganin ne bai yi aiki ba, ya ƙara wani mai tsada a kai. Ku roƙi ya rubuta sunan sinadarin maganin maimakon sunan da wani kamfani ya laƙaba masa. Magunguna irin su metformin na suga da amlodipine na hawan jini kamfanoni da yawa ne ke yin su, kuma tazarar farashi tsakanin wani da wani tana da faɗi. Ku saya a kantin asibiti ko kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada arha ta kai ku ga na tebur ko na cikin mota. Ki kuma tambayi likitan ko maganin da yake sha yana cikin masu iya saukar da suga ƙasa da kima. Idan haka ne, ranar da kika ga yana gumi da rawar jiki da jiri ko yana magana ba kan gado, kuma yana iya haɗiya, ki ba shi rabin kofin lemon nan nan take sannan ku nufi asibiti. Wannan ce kaɗai ranar da lemo yake zama magani a wurinsa.

Maigidanki ya ce gwamnati ba ta taɓa ba shi komai ba, to akwai ƙofar da ya kamata ku ƙwanƙwasa kafin ya yanke hukunci. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta buɗe tsarin ga kowa, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ba. A Kano kuma akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, wadda take da tsarin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, inda ake biyan wani adadi a zaɓi asibiti. Ku je ofishinsu ku yi tambaya dalla-dalla: nawa ake biya wa mutum ɗaya, yaushe ake fara cin moriya bayan rajista, waɗanne magungunan suga da hawan jini da gwaje-gwaje ne ke ciki, kuma me ake yi idan an je asibiti aka ce maganin ya ƙare. Ba zan ce miki tsarin ba shi da tangarɗa ba, ana samun layi da jinkiri, amma ga mai ciwon da ke buƙatar magani kowane wata, ko rabin nauyin aka ɗauke an rage abu mai yawa. A nan ne yayanki zai yi amfani. Ki same shi ke kaɗai ki ce masa maganarsa ta jawo miki matsala a gidanki, kuma idan da gaske lafiyar mijinki ce ta dame shi, ya je shagon da ƙafarsa ya ba da haƙuri, sannan ya ɗauki nauyin bin takardun inshorar da auna masa jini da suga lokaci-lokaci. Shi ya yi ɓarin, shi ya kamata ya fara duƙawa ya kwashe.

A kicin kuwa, niyyarki mai kyau ce amma kin yi sauri. Harshen da ya shekara arba'in yana cin magi da gishiri ba ya sabawa a kwana ɗaya, kuma sakamakon shi ne ya koma abincin waje, wanda ya fi naki mai da gishiri. Ki dawo baya kaɗan, ki riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni ba tare da sanarwa ba, kina cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da attaruhu da ɗan busasshen kifi, har a kai inda gishirin da mutum ɗaya ke ci a wuni, haɗe da na cikin magi, bai wuce cokalin shayi ɗaya ba, wato giram 5 ɗin da masana suka ƙayyade. Kada ki ware masa tukunya daban, babu abin da ke sa magidanci jin an mayar da shi majinyaci kamar ya ga kwanonsa ya bambanta da na 'ya'yansa, kuma su ma yaran gyaran zai amfane su tunda ciwon suga yana bin jini. Ki rage girman malmalar tuwo ki yawaita miya da ganye, ki sa wake ya riƙa shiga shinkafa har ya kusa rinjayarta, ki dawo da kwaɗon zogale da na rama da faten wake da alale da tuwon dawa ko na alkama ko acca, taliya da farin burodi kuma su zama na wani lokaci. Ki sani duk da haka cewa tuwon dawa da na alkama ma suna ɗaga suga idan an cika kwano, yawan ne abin lura. Ki kuma yi hattara da abubuwan da mutane ke ɗauka lafiyayyu ne, lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya cike yake da sukari, haka lemon kwali, haka zuma, haka kunun zaƙi da furar da aka dama da sukari.

Ina zargin abin da jikinsa ke nema da rana tsaka a cikin shagon nan sanyi ne da abin jiƙa maƙoshi, ga shi sugan da ya hau yana ƙara ƙishirwa, lemon kuma yana ƙara hawan sugan, abin ya zama zagaye. Ki riƙa haɗa masa zoɓo da citta da kanumfari ba sukari, ki zuba a roba ya sa a firjin tare da ruwa, su zama su ne a saman inda hannunsa ke fara kaiwa. Idan daina lemo gaba ɗaya ya gagara a makon farko, ku yi yarjejeniya ya sauko daga biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi, da ranar da za a kai ƙarshe, kuma duk robar da ya sha ya rubuta ta a littafin ciniki kamar ta kowane mai saye. Ba na ba ki shawarar ki matsa masa ya daina sayar da lemo, halal ne kuma da shi kuke ci, sai dai babu laifi ya faɗaɗa ɓangaren ruwa da sauran kayan da ba su dogara da firji ba, ke ma idan zoɓon ya karɓu kina iya sayarwa a nan. Mai shago wuni yake a zaune, don haka ki ƙarfafa masa tafiyar minti 30 a ƙafa mafi yawan kwanakin mako, ko da ta hanyar zuwa masallaci mai ɗan nisa ne bayan asuba.

Hajiya kuma kada ki yi gaba da gaba da ita, ba za ki yi nasara ba, kuma ita ma son ɗanta ne ya sa take aiko da jarkar. Amma ki sani jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ba a kuma san adadinsa ba, yana iya illata ƙodar da dama suga da hawan jini suna matsa mata. Ki karɓa da godiya, ki ajiye, ki kai wa likita bayanin abin da aka haɗa. Abin da ya fi shi ne ki mayar da Hajiya ɓangarenki. Ki je gaishe ta da ɗan abin hannu, ki ce mata likita ya ce lemo ne ke hana ɗanta samun sauƙi, ke kin yi magana bai ji ba, kin san ita kaɗai ce idan ta hana shi abu zai bari. Uwa idan aka ba ta wannan matsayi ba ta wasa da shi, kuma umarninta ya fi takardar likita kaifi a wurin ɗanta. Idan ta yarda ta bi ku asibiti sau ɗaya ta ji da kunnenta cewa wannan ciwo lallaɓa shi ake yi ba a tumɓuke shi, maganar cin kuɗi za ta ragu.

Kuɗin adashinki naki ne a shari'a da al'ada, abin da kika yi kyautatawa ce, kuma ba na so ya zama an saba. Idan aka saba, ranar da babu adashi babu magani, karatun 'yarku kuma ya tsaya. Ku sami asusu ko wani aljihu daban da za a riƙa jefa kuɗin roba biyun nan kowace yamma daga cinikin ranar, kafin a taɓa kuɗin cefane, a kira shi kuɗin magani, ki riƙe shi ke. Ki kuma gaya masa a sarari, ba da gori ba, cewa zubi na gaba na makaranta ne.

Yana iya yiwuwa ki yi duk wannan ya ƙi, domin babba ne kuma ba a yi wa babba ɗure. Idan haka ta faru, kada ki mayar da kowane cin abinci fagen rigima, ki nemi amininsa da yake jin nauyinsa, ko limamin masallacinsu, ko wani dattijo a kasuwa da ya daɗe yana rayuwa da ciwon suga, su yi masa magana ta maza, ke kuma ki riƙe abin da ke hannunki, wato tukunya da asusun magani. Ki riƙa duba ƙafafunsa da dare, har tsakanin yatsu, kada ya riƙa yawo ba takalmi, kuma duk ranar da kika ga rauni da ya ƙi warkewa, ko kumburin ƙafa da fuska, ko ganinsa ya dushe, ku koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Idan bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. Kafin azumi ya zo kuma ku tambayi likita ko zai iya yi da yadda za a sauya lokutan shan maganin. A wannan makon dai, ki tattara kwalayen magungunan da yake sha da takardun gwajinsa na baya da bayanin abin da ke cikin jarkar Hajiya, ku tafi da su wurin likita tare, sannan ki sake rubuto mini in ji abin da aka ce.